Ranar Da Duron Baraka Ya Fashe

Da hantsi aka bugo wa Sufeto Sharfuddeen waya a Kazaure, aka ce duro ya fashe a Ƙafar Dutse, wani ƙauye da ke kan hanyar Gwiwa, ya kashe mutum. Bai gama tambayar wane irin duro ba, mai maganar ya ce in ba su yi sauri ba gawa za ta zama biyu, don gari ya taru a kan matar mamacin.

Sufeto ya ture kofin shayinsa, ya kira Kofur Mu'minat, suka shiga mota.

A bayan gari wurin yake, gefen hanyar fadama, an kewaye shi da dangar kara. Nan Baraka da mijinta Ukasha suke sana'arsu. Sukan kwaso dusar katako da guntayen itace daga wurin kafintocin Kazaure da Roni, su cika duron ƙarfe, su ɗaure murfi tam, su hura wuta a ƙarƙashinsa. Hayaƙin da ke taruwa a ciki yakan bi bututu ya ratsa ta cikin tankin ruwa, ya huce, ya ɗigo a jarka ya zama baƙin mai. Masu gidan burodi suna sayen man su hura wuta da shi, abin da ya rage a duron kuwa gawayi ne. Baraka ce ta koyo aikin a makaranta, shi ya sa ko a bakin yara sunan wurin duron Baraka.

Yanzu murfin duron yana can a kan danga, rumfar ta ƙone rabi, an lulluɓe Ukasha da zane.

Baraka tana zaune a ƙasa cikin toka, tafukan hannunta duk sun sale. Daga gida ta ji ƙarar ta rugo, da hannunta ta riƙa kashe wutar da ke cin rigar mijinta. Ba wanda ya kawo mata ko ruwa. Mutanen da jiya suke layi a nan da buhuna suna roƙon ta cika musu gawayi har baki, su ne yau suke nuna ta da yatsa. Abin kunya ne, amma a wurin ba mai jin ta.

Wanda muryarsa ta fi ta kowa wani tsoho ne mai farin gemu, ƙanin mahaifiyar Baraka, wanda gari duka ke kira Kawu.

"Na faɗa, na ƙara faɗa!" in ji shi. "Na ce wannan duro zai ci rai. 'Yar 'yar'uwata ce, amma gaskiya ɗaya ce. Taurin kanta ne ya kashe yaron mutane."

"Baba, kana nan abin ya faru?" Sufeto ya tambaye shi.

"A'a, yallaɓai. Tun sassafe ina kasuwar Gwiwa. A can labari ya same ni."

Wani daga baya ya jefo dutse, ya sami Baraka a kafaɗa. Ko motsi ba ta yi ba. Sufeto ya juya a fusace.

"Wanda ya ƙara ɗaga hannu, shi zan fara sa wa ankwa! Kofur, kai ta mota."

Ya sa aka matsar da jama'a bayan danga, ya zagaya wurin shi kaɗai. Ya leƙa duron, ya ga itacen ya yi baƙi har ya fara zama gawayi, wuta ta daɗe tana ci ke nan. Ya ɗaga jarkar da man ke ɗiga a ciki, ya ji ta sakayau. Ya karkata ta, abin da ya zubo bai cika ludayi ba.

"Kofur, zo ki gani," ya ce da Mu'minat bayan ta dawo. "Wuta ta ci, itace ya dahu. To ina man?"

"Ko an sace ne, yallaɓai?"

"Wa zai tsaya satar mai ga mutum yana ƙonewa? Ɗauko bututun can da ya faɗi, mu tafi da shi."

A ofis aka ɗaure wa Baraka hannu da bandeji, aka sa ta a bayan kanta, inda ake tsare mutane. Da farko don a tsare ranta ne. Kafin la'asar dangin Ukasha sun shigar da ƙara cewa sakacinta ne ya kashe ɗansu, tsaron ya zama tsarewa. Aka yi wa Ukasha sutura aka binne shi tana kulle.

Washegari Sufeto ya sa aka fito da ita, ya ba ta kujera.

"Malama Baraka, Allah ya ji ƙansa. Me zai sa duro ya fashe?"

Ta amsa, muryarta a dushe. "Abu ɗaya ne, yallaɓai. In hayaƙin ya rasa hanya. Zai yi ta taruwa a ciki har ya tsinke murfin, in ya haɗu da wutar ƙasa kuma sai ya kama."

"Me zai hana shi hanya?"

"In bututu ya toshe. Man yakan daskare a ciki kamar kwalta."

"Kuna share shi?"

"Kullum. Ukasha ba ya hura wuta sai ya zura waya ta fita ta ɗaya bakin. Ko ni na manta, shi ba ya mantawa."

"Ranar ke kina ina?"

"Ina gida ina dama masa kunu. Shi ya hura wutar, ya tafi rijiya ɗebo ruwan tanki."

"Ke nan akwai lokacin da ba kowa a wurin."

"Akwai."

"Kuna da abokin gaba?"

"Maikasuwa, dillalin gawayi na Roni. Ya taɓa tare Ukasha a hanya ya ce sai ya ga bayan duron nan." Ta ɗago kai. "Yallaɓai, an binne shi ko?"

"An binne shi jiya."

Ba ta yi kuka ba, ta dai sunkuyar da kai ta dubi bandejin hannunta. Sufeto ya fita da sauri don kada ta ga fuskarsa.

Da ya kai wa ogansa bayani, ogan ya leƙa bakin bututun, ya gan shi a cushe baƙi ƙirin, ya tafa hannu.

"To ai magana ta ƙare. Kwalta ta toshe bututu, ba a share ba, sakaci ke nan. Ka shirya a kai ta kotu kafin mako ya fita, mutanen ƙauyen nan sun dame ni da waya."

Ogan mutum ne mai son magana ta ƙare, ko da a kan wa za ta ƙare.

Sufeto ya ɗauki bututun ya fita da shi bayan ofis, ya sa Mu'minat ta riƙe, ya zura rodi ta ɗaya bakin ya riƙa doka da guduma. Da ƙyar abin ya motsa. Can sai ga shi ya faɗo ƙasa, dunƙulalle, tsawonsa ya kai tafin hannu. Ya tsuguna ya ɓare shi da wuƙa. Baƙin a waje kawai yake. Ciki laka ce, an danna ta da ƙarfi, a gabanta kuma ga curin ciyawa, har yanzu da sauran korenta.

"Kwalta ba ta tsiro da ciyawa," in ji Mu'minat.

"Hannu ne ya sa wannan," in ji Sufeto. Ya naɗe shi a leda. "Mace tana kulle, mijinta yana kabari, wanda ya yi wannan yana yawo da ƙafarsa. Tashi mu je Roni."

Sun sami Maikasuwa a rumfarsa a kan kujerar roba, ƙato ne mai tumbi, buhunan gawayi jibge a bayansa. Ya tarbe su da fara'ar da ta yi yawa.

"Ranar da duro ya fashe kana ina?"

"Ina Babura, yallaɓai, wajen suna. Kowa ya gan ni."

"Sunan wa?"

Maikasuwa ya sosa ƙeya. "Wani abokina ne."

"Abokin naka ba shi da suna? Jaririn fa, me aka raɗa masa?"

Mu'minat kuwa ta riga ta zagaya bayan rumfa, ta yaye tamfol da aka rufa a kan wata a-kori-kura. Gumagumai ne na gawo, ɗanyu, yankan injin bai ko bushe ba.

"Daga wajen sunan aka ba ka waɗannan?" in ji ta.

Maikasuwa ya sauke murya. "Yallaɓai, ka rufa min asiri. Ina daji muna sara, tun asuba har azahar. Yarana shida shaida ne. Laifi ne, na sani, amma ban je Ƙafar Dutse ba."

"Ka ce sai ka ga bayan duronsu."

"Baki ne kawai. Sun karya mana kasuwa, wa ba zai yi magana ba?"

Sufeto ya kwance ledar ya ajiye a gabansa. "Yaranka ne suka yi wannan?"

Maikasuwa ya juya abin da ɗan yatsa, ya duba, sai ya girgiza kai. "Wannan toshin rami ne, irin na da. In ana gawayi a rami hayaƙi ya ɓullo ta wani wuri, sai a cusa ɗanyar ciyawa tukuna, a bi ta da laka a danne. Mu yanzu kwanon rufi muke kifawa mu zuba yashi, yarana ko gani ba su taɓa yi ba. Aikin tsofaffi ne."

"Waɗanne tsofaffi?"

"Duk sun mutu ko sun daina. In kana son bayani, ai a gidan yake. Ka tambayi kawun yarinyar, shi ya koya wa ubana ma."

Sufeto ya naɗe ledarsa. "Maganar gawon nan ba ta wuce ba. Ma'aikatan daji za su zo maka."

A mota Mu'minat ta ce, "Amma Kawu yana kasuwar Gwiwa."

"Haka ya ce. Maikasuwa ma yana Babura."

Ranar sadakar uku suka koma Ƙafar Dutse. Sufeto ya sa aka taho da Baraka, ya bar ta a mota nesa da gidan makokin tare da direba. Ya ce da Mu'minat ta shiga wajen mata ta yi gaisuwa, ta buɗe kunne.

Ya Kura, mahaifiyar Ukasha, tana zaune a kan tabarma da carbi, idanunta sun kumbura. Mu'minat ta durƙusa ta yi mata ta'aziyya.

"Iya, wa ya fara kawo miki labari?"

"Kawu ne, 'yar nan, Allah ya saka masa. Ƙarar ba ta gama fita daga kunnena ba sai ga shi ya faɗo gidan nan da kekensa. Ko ciyawar ragonsa bai tsaya saukewa ba, hannunsa duk busasshiyar laka. Ya ce, Ya Kura, Baraka ta kashe miki ɗa."

"Haka ya ce?"

"Haka ya ce, ga shi kuwa jininsa ce. Mutumin kirki ke nan. Shi ya tsaya a kan komai, shi ya yi wa Ukasha wanka."

"A bazarar nan ina yake samun ɗanyar ciyawa?"

"A fadama mana. Kullum da safe yana zuwa, ta gaban duron nan yake wucewa."

Mu'minat ta fito ta raɗa wa Sufeto abin da ta ji. Ya sha ganin masu laifi iri-iri, amma bai taɓa ganin wanda ya kai ƙarar wani tun gawa ba ta huce ba.

A ƙofar gida an shimfiɗa tabarmi, maza sun cika. Kawu yana tsakiya kusa da liman, shi ke karɓar gaisuwa, shi ke cewa a miƙa wa wane gumba. Sufeto ya cire takalmi, aka yi addu'a, ya zauna a gabansa.

"Baba, an ce duk yankin nan ba wanda ya kai ka sanin gawayi. Ni kuwa ban san komai ba, ina so ka fahimtar da ni."

Kawu ya gyara zama, ya shafa gemu. "To, alhamdu lillahi. Tun kafin a haifi iyayen yaran nan nake gawayi."

"Mene ne sirrinsa?"

"Hayaƙi, yallaɓai. Gawayi ba ya son hayaƙi ya tsere. In ka bar shi yana fita, itacenka toka zai zama."

"To in ka ga yana fita fa?"

"Sai ka toshe."

"Da laka?"

Kawu ya yi dariya, ya dubi jama'a. "Ka ji ɗan boko. Laka kaɗai ai tsagewa za ta yi. Ɗanyar ciyawa ake fara cusawa ta riƙe, sannan a bi da laka a danne da sanda. In na toshe wuri, ko iska ba ta wucewa."

"Na shaida," in ji Sufeto.

Ya kwance ledar, ya ajiye curin a kan tabarma, laka a gefe, ciyawa a gefe.

"Daga bakin bututun Baraka na fitar da wannan."

Dariyar ta bushe a fuskar Kawu.

"Ni ina kasuwar Gwiwa," ya ce.

"Da ciyawar rago a bayan keke? Da laka a hannu? Ya Kura tana ciki, ita ta gan ka kafin kowa. In kira ta ta faɗa a gabanka?"

Liman ya juya ya dube shi. "Malam, ka ji tsoron Allah. A kan tabarmar mamacin kake zaune."

Carbin Kawu ya suɓuce ya faɗi.

"Wallahi ba kisa na yi nufi ba. Kullum in na wuce sai in ga hayaƙi yana zuba ta bakin bututun nan, raina ya ɓaci. Na ce wa Ukasha ya toshe, ya yi dariya ya ce, Kawu, wannan ba rami ba ne. Ni za a gaya wa gawayi? Yarinyar da aka haifa a gabana ta zo da duro, gari ya koma wurinta, ba mai tambayata komai. Ranar na ga ba kowa, na ce bari in toshe, in sun buɗe sun ga gawayin ya fi na kullum kyau, sai in ce aikina ne."

"Daga nan fa?"

"Na koma gindin tsamiya na zauna ina jira. Ya dawo da ruwa, ya ga mai ba ya ɗiga, ya je ya sunkuya yana duba murfin." Kawu ya rufe fuska da hannu. "Ban san haka duro yake ba. Rami ba ya fashewa."

"Wannan na yarda," in ji Sufeto. "Ba ka sani ba. Amma da ka hau keke ka je ka ce wa uwarsa Baraka ta kashe shi, wannan ka sani. Da ka tsaya a gaban gari ana jifanta, ka sani. Kwana nawa tana kulle da ƙonannen hannu, kai kana nan kana rabon gumba!"

Ya miƙe ya dubi sauran. "Ku kuma da kuka iya jifa, yau ba mai magana?"

Ba wanda ya ɗago kai. Sufeto ya ɗaga hannu ya yi wa direba alama.

Motar ta matso, Mu'minat ta buɗe ƙofa ta kamo Baraka. Ta tako a hankali cikin hijabin da aka kama ta da shi, har yanzu da toka a gefensa. Maza suka riƙa janye ƙafa suna ba ta hanya. Daga zaure Ya Kura ta fito tana dafa bango, don labari ya riga ya shiga ciki.

Baraka ta tsaya a gaban tsohon.

"Kawu, an ce kai ka yi masa wanka."

"Ni ne," ya ce, bai dube ta ba.

"Ka ga yadda wutar ta yi masa ke nan."

"Na gani. Baraka, ki yafe min, tsoro ne ya kama ni."

"Da a ranar ka zo ka ce min, Baraka, kuskure na yi, wallahi da na yafe maka tun kafin a ɗauke shi. Da ni zan roƙi yallaɓai ya bar ka." Sai a lokacin hawaye ya zubo mata. "Amma ka hana ni ganin fuskarsa, Kawu. An fita da mijina ban yi masa sallama ba. Wannan ban san yadda zan yi da shi ba."

Ya Kura ta ƙaraso. Ta kai hannu za ta kama na Baraka, ta ga bandeji, ta tsaya.

"Me ya sami hannunki?"

Mu'minat ce ta amsa. "Da shi ta kashe wutar jikin ɗanki, Iya."

Tsohuwar ta fashe da kuka, ta rungume ta, ta ja ta zuwa zaure. "Shigo, 'yata. Shigo ki zauna a ɗakinki."

Sufeto ya ciro ankwa. Liman ya ce a yi wa tsufa sutura a tafi da shi haka, ba ankwa. Sufeto ya dubi ƙofar da matan suka shiga, sannan ya dubi Kawu.

"Ita ba a yi mata ba," ya ce. "Baba, miƙo hannunka."

Kawu ya miƙa. Aka tashe shi daga tabarmar, aka ratsa da shi ta tsakiyar mutanen da ɗazu suke durƙusa masa, aka sa shi a bayan mota. Daga cikin gida aka jiyo muryar Baraka, ta fara yi wa mijinta kuka.